Kuɗin da ba su taɓa shiga kasuwa ba: sulallan gwaji da abin da ke sa su tsada a gwanjo

A watan Maris na shekarar 2021 kamfanin gwanjo na Heritage, wanda hedikwatarsa ke birnin Dallas na Amurka, ya sayar da tsabar zinariya ƙwaya ɗaya ta fam biyar a kan dala 2,280,000. Nauyinta bai cika giram 40 ba, kuma da maƙerin zinariya aka kai wa ita ya auna ya biya kuɗin ƙarfenta, abin da zai bayar ba zai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan farashi ba. A fuskarta akwai hoton Sarki Edward na 8 na Ingila, a bayanta kuma shekarar 1937, alhali kuwa kafin wannan shekara ta kama mutumin ya riga ya sauka daga gadon sarauta. Ba a taɓa sayen ko allura da ita ba, ba ta taɓa shiga banki ba, domin tun farko an buga ta ne don a gwada a gani.

Irin wannan labari yakan iso mana Zariya a guntule, ta WhatsApp ko Facebook, babu kai babu gindi sai adadin kuɗin kawai, daga nan sai ka ji an shiga zazzage adakar kakanni ana neman kwabo mai huji, wai Turawa suna saye da miliyoyi. Gaskiya ne akwai tsabar da ake saye da miliyoyi, kuma gaskiya ne a gidajenmu akwai tsofaffin kuɗi masu ɗauke da sunan wannan sarkin dai. Amma tsakanin biyun akwai tazara mai nisa wadda ba tsufa ne ya kawo ta ba, kuma wanda bai san dalilinta ba shi ne 'yan damfara suka fi samun sauƙin cuta.

Kafin wata hukuma ta fitar da sabuwar tsaba akwai dogon aiki da jama'a ba sa gani. Mai zane zai zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a kan hatimai biyu na baƙin ƙarfe mai tauri, ɗaya na fuska ɗaya na baya, sannan a sa faifan ƙarfe marar rubutu a tsakaninsu inji ya danna. 'Yan ƙwayoyin farko da aka fitar su ake kai wa sarki ko ministan kuɗi ko 'yan majalisa, su riƙe a hannu, su juya, su ce sun yarda ko ba su yarda ba. Wani lokaci zanen ake gwadawa, wani lokaci ƙarfen, a ga ko zai jure gumi da damina da gugar aljihu, wani lokaci kuma girma da nauyi, ko ma wani sabon adadi da ba a taɓa bugawa ba. Idan aka amince sai a shiga buga miliyoyi. Idan aka ƙi, yawanci narkar da su ake yi, a bar ƙwaya ɗaya ko biyu a ma'ajiyar gidan buga kuɗin saboda tarihi. Waɗanda suka tsira daga narkarwar su ne sulallan gwaji. Sun sha bamban da tsabar da aka yi kuskure wajen buga ta, sun kuma sha bamban da wadda aka buga don tunawa da wani biki aka sayar wa jama'a a cikin akwati, ko da yake masu talla sukan cakuɗa ukun da gangan.

Labarin Edward na 8 shi ya fi kusa da mu, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ya hau gadon sarauta ranar 20 ga Janairu 1936 bayan rasuwar mahaifinsa George na 5, kuma nan da nan gidan buga kuɗi na masarautar Ingila ya shiga shirin sababbin sulalla masu hotonsa, inda wani masassaƙi mai suna Humphrey Paget ya yi hoton da aka zaɓa. Tun ƙarni na 17 al'adar Ingila ita ce kowane sabon sarki ya fuskanci ɓangaren da wanda ya gada bai fuskanta ba. Mahaifinsa hagu ya fuskanta, ke nan shi dama ya kamata ya duba, amma ya dage a kan hagu saboda ta nan tsagar gashin kansa take fitowa. An yi ta kai da komo har aka bi ra'ayinsa, aka buga 'yan jerin gwaji tun daga ƙaramar tsabar tagulla har zuwa fam biyar na zinariya, aka kuma tsayar da ranar 1 ga Janairu 1937 don fara bugu na sosai. Sai ga shi a watan Disamba 1936 ya yi murabus don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da gwamnati da coci suka ƙi amincewa ta zama matar sarki. Aikin ya tsaya cak. Yawancin sulallan gwajin an kulle su a cikin wani akwati da ba a buɗe ba sai a 1970, kuma lokacin da shi Edward ya nemi a ba shi jeri ɗaya, ƙanensa George na 6 wanda ya gaje shi ya hana. Kaɗan ne suka fita waje, ciki har da wasu ƙwayoyin taro mai kusurwa 12 da aka aika wa masu ƙera injinan sayar da kaya don su gwada a injinansu, ba a dawo da su duka ba. Siffar wannan taron ce daga baya dattawanmu suka gani a taron Nijeriya na 1959 mai hoton auduga.

Daga cikin fam ɗaya na zinariya da aka buga da hotonsa, ƙwaya 6 aka sani a duniya, 4 suna gidajen tarihi da ma'ajiyoyin hukuma, 2 ne kawai a hannun mutane. Ɗaya daga cikin biyun an sayar da ita a gwanjon kamfanin Baldwin's a Landan a 2014 a kan fam 516,000, sannan a watan Janairu 2020 ta sake sauya hannu a kan fam miliyan 1, nauyinta kuwa duka-duka bai cika giram 8 ba.

Yanzu a ɗauko aninin 1936 da ake samu a gidajen cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari a duba shi da kyau. Fari ne, gaurayen tagulla da nikel, da huji a tsakiya wanda iyaye mata kan zura wa zare. A fuska ɗaya akwai kambin sarauta a saman hujin, da rubutun Larabci a ƙasansa mai faɗin darajar tsabar, a gefe kuma an kewaye da sunan sarki cikin harshen Latin. A ɗaya fuskar akwai tauraro mai kusurwa shida da sunan Afirka ta Yamma ta Ingila da shekarar. A cikin na wannan shekara akwai masu sunan George na 5, akwai kuma masu sunan Edward na 8. Dalili shi ne kuɗi mai huji ba ya ɗaukar hoton kai, suna kawai ake sauyawa, saboda haka ba a jira an gama gardamar hagu da dama ba, aka buga kwabo da ɗari da anini da sunansa a Landan da Birmingham aka yo lodinsu a jirgin ruwa. Haka aka yi wa Gabashin Afirka da Fiji da Niyu Gini. Miliyoyi aka buga, aka kashe su a kasuwanninmu shekara da shekaru, kuma har yau suna nan jibge a hannun dillalan tsofaffin kuɗi a Turai da Amurka, inda ake sayar da wanda ya sha hannu a kan 'yan daloli kaɗan. Sarki ɗaya ne, zamani ɗaya ne, namu ma ya girmi nasu da shekara guda a rubuce, amma ɗaya an san ƙwaya 6 ne, ɗayan kuwa ba wanda zai iya ƙirga abin da ya saura.

Ƙarancin adadi shi ne tushe, amma shi kaɗai ba ya yin farashi. Dole tsabar ta zo da labarin da masu kuɗi suke son mallaka. A 1663 wani masassaƙin Ingila mai suna Thomas Simon, wanda ya yi wa gwamnatin Cromwell aiki (mutumin da ya mulki Ingila lokacin da aka kawar da sarauta), ya ga Sarki Charles na 2 ya fifita Roettiers, baƙon masassaƙi daga birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam ta yau, wajen aikin sababbin kuɗi. Sai ya sassaƙa babbar tsabar azurfa da hannunsa don ya nuna gwanintarsa, ya rubuta kokensa ga sarki a kan bakin tsabar, layi biyu na ƙananan haruffa da suka kewaye kaurinta, yana roƙon a kwatanta aikinsa da na abokin hamayyarsa. Duk wanda ya san yadda kaurin tsaba yake zai gane irin haƙuri da kaifin idon da wannan aiki ya ci. Sarki bai sauya ra'ayi ba, Simon kuma ya rasu a 1665. Waɗanda suka rage daga wannan tsaba ba su kai 20 ba, kuma a watan Janairu 2024 an sayar da ɗaya a kan dala 960,000. Wanda ya saye ta ya sayi azurfa, ya sayi gwaninta, ya kuma sayi takardar koken wani ma'aikaci da aka yi wa abin da yake ganin rashin adalci ne.

Babu ƙasar da harkar sulallan gwaji ta bunƙasa a cikinta kamar Amurka. Tun a 1792, lokacin da sabuwar ƙasar take lalube a kan irin kuɗin da za ta buga, aka yi gwaje-gwaje a Filadelfiya. Matsalar da suka fuskanta ita ce idan za a sa tagullar da ta kai darajar santi ɗaya a cikin tsaba, to tsabar za ta yi girma da nauyi. Sai aka gwada huda tsakiyar ƙaramin faifan tagulla a cusa ɗan ƙullin azurfa, azurfar ta ɗauki kashi uku cikin huɗu na darajar, tagullar ta ɗauki sauran. Dabara ce mai kyau a takarda, amma aikinta ya yi yawa, aka watsar. Wani santin gwajin na wannan shekara, wanda ake kira da sunan masassaƙinsa Birch, an sayar da shi a watan Janairu 2015 a kan dala 2,585,000. A 1877 kuma aka buga ƙwaya biyu na zinariya masu darajar dala 50 kowace, adadin da gwamnatin ba ta amince da shi ba. A 1909 wani attajiri mai suna William Woodin ya saye su a kan dala 10,000 kowace, farashin da ba a taɓa jin irinsa ba a lokacin, sai hukuma ta tayar da ƙayar baya cewa dukiyar gwamnati ce da bai kamata ta fita ba. Aka mayar da su, yau suna gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, shi kuwa Woodin ya zama sakataren baitulmalin ƙasar a 1933.

Akwai wani ɓangare na tarihin Amurkan da ba shi da daɗin ji, kuma mai saye ya kamata ya san shi. Daga ƙarshen shekarun 1850 zuwa shekarun 1880, da wasu ma'aikatan gidan buga kuɗin suka ga masu tarawa suna biyan kuɗi mai tsoka, sai suka riƙa ɗauko tsofaffin hatimai suna sake bugawa a ɓoye, suna haɗa fuskar wannan da bayan wancan, suna buga zanen azurfa a kan tagulla ko alminiyam, suna sayarwa ta hannun dillalan da suka saba da su. Irin waɗannan ba a buga su don wani gwaji ba, an ƙirƙiri ƙarancinsu ne don kasuwa. Har yau ana saye da sayar da su a ƙarƙashin sunan sulallan gwaji, kuma a ganina bai dace a ɗora su a mizani ɗaya da tsabar da aka kai gaban majalisa aka yi muhawara a kanta ba, ko da farashinsu ya zo ɗaya. Abin da ya taimaka wajen warware wannan ruɗani shi ne aikin Dakta J. Hewitt Judd, wanda a 1959 ya fitar da kundin da ya ba kowace irin tsabar gwaji ta Amurka lamba, lambobin da suka haura 1,500, kuma da su ake kiran sulallan a gwanjo har yanzu. Tsabar gwaji ta gaskiya tana da lamba, tana da hoto a kundi, an san ƙarfenta da nauyinta da adadin 'yan uwanta.

Wani abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai shi ne yadda tsabar da ta fi yawa kan fi wadda ta fi ƙaranci tsada. A 1879 da 1880 Amurka ta gwada tsabar zinariya ta dala 4 mai suna Stella, da niyyar ta yi daidai da kuɗaɗen zinariya na ƙasashen Turai don matafiya su huta da canji. Majalisa ba ta amince ba, amma an buga sama da 400 na samfurin 1879 mai hoton mace da sakakken gashi aka rarraba wa 'yan majalisa. Duk da wannan yawa, kowace ɗaya mai lafiya takan haura dala 100,000, saboda duk mai tara zinariyar Amurka yana ganin jerinsa bai cika ba sai da ita. A gefe guda akwai sulallan gwaji na tagulla da ba a san fiye da goma ba a duniya, amma 'yan dubban daloli ake sayensu, domin masu nemansu ba su da yawa. Idan ƙaranci da yawan masu nema suka haɗu a tsaba ɗaya, nan ne farashi ke tashi sama, kamar samfurin Stella na 1880 mai naɗaɗɗen gashi da aka sayar a 2013 a kan dala 2,574,000.

Sai lafiyar tsabar. Tun 1949 ake amfani da ma'aunin William Sheldon mai hawa 1 zuwa 70, kuma a yau kamfanoni biyu na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987, su ne kasuwa ta fi yarda da hukuncinsu. Suna duba tsaba da gilashin ƙara girma, su auna ta, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta lamba, su rufe ta a cikin gidan roba mai garai-garai da ba a buɗewa sai an fasa. Bambancin hawa ɗaya a saman ma'aunin yakan ninka farashi. Babban abin da ke kashe darajar tsaba shi ne wanki. Mu a nan idan muka ga tsohon ƙarfe ya dushe, toka da lemun tsami muke nema mu goge shi ya yi ƙyalli, alhali wannan dushewar da shekaru suka kawo ita ce masana ke so su gani, gugar kuwa takan bar ƙananan zane-zane da ba sa gyaruwa har abada. Sarki Faruk na Masar ya tara ɗaya daga cikin manyan tarin sulalla na ƙarni na 20, ciki har da sulallan gwajin Amurka masu yawa, kuma bayan an hamɓarar da shi a 1952 gwamnatin soja ta yi gwanjonsu a Alƙahira a 1954. Da yawa daga cikin na tagulla da azurfa an same su an goge su an shafa musu mai sheƙi, kuma har yau idan ɗayansu ya fito kasuwa ana rage masa daraja saboda wannan.

Duk da haka sunan Faruk a tarihin tsaba yana ƙara mata kwarjini, wanda ya kawo mu ga salsala. Mutanen Zariya da suka zauna gaban malamai sun san cewa ba a karɓar ruwaya sai an san wanda ya ji daga wane har zuwa tushe, kuma haka kasuwar sulallan gwaji take. Kundin gwanjo yakan jero duk hannun da tsabar ta bi, daga ma'aikacin da ya fitar da ita, zuwa dillalin da ya saya, zuwa gwanjon shekara kaza mai lamba kaza, da hotunan da za a gwada tabo da tabo. Tunda ƙwayoyin kaɗan ne, masana sun san kowace da kamanninta. Idan wata sabuwa ta ɓullo daga inda ba a zata ba, ba tare da takarda ko tarihi ba, zargi ake fara yi kafin murna.

Salsala tana da alaƙa da doka, domin tambayar da hukuma kan yi ita ce ta wace ƙofa tsabar ta fita. A ƙarshen 1973, da farashin tagulla ya yi tashin da santi ɗaya ya kusa cin fiye da darajarsa wajen bugawa, Amurka ta buga santin alminiyam sama da miliyan ɗaya da rabi masu shekarar 1974, aka raba wasu ga 'yan majalisa su duba. Masu injinan sayar da kaya suka yi adawa, likitocin yara suka ce idan yaro ya haɗiye shi da wuya a gan shi a hoton asibiti, farashin tagulla kuma ya sauko. Aka janye shirin, aka narkar da su, aka nemi a dawo da waɗanda aka raba, wasu ba su dawo ba. Bayan shekara 40 ɗan wani tsohon jami'in gidan buga kuɗi na Denver ya fito da wani santin alminiyam na 1974 da ya gada daga mahaifinsa, aka shirya gwanjonta a 2014, gwamnati ta ce tata ce, aka shiga kotu, a 2016 ya miƙa ta bai karɓi ko sisi ba. Tsaba ce ta gaskiya, mai tsananin ƙaranci, amma ba ta sayuwa.

Game da gwanjon kansa, adadin da jaridu ke bugawa ba shi ne ke shiga aljihun mai kaya ba. Mai tsaba zai danƙa ta ga kamfani, a ɗauki hotonta, a rubuta tarihinta a kundi, a yi kiyasi, wani lokaci a tsayar da mafi ƙarancin abin da zai sallama. Ranar gwanjo ana tayi a zaure, ana yi ta waya, ana yi ta intanet, har guduma ta sauka. A kan farashin gudumar mai saye yana ƙara la'adar kamfani, wadda takan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Kwabon gwaji na Edward na 8 da kamfanin Spink ya sayar a Landan a 2019, guduma ta sauka a kan fam 111,000, amma mai saye fam 133,200 ya biya, kuma daga na farkon ne za a cire la'adar mai sayarwa idan akwai. Sannan a tuna cewa mutum biyu ne ke yin farashin gwanjo, wanda ya saya da wanda ya bi shi har tayin ƙarshe. Idan ranar da ka kawo taka ɗayansu ya riga ya samu irinta ko ya bar harkar, farashin yana iya faɗuwa ƙasa da abin da ka saya. Tsaba ba ta haihuwa, ba ta kawo haya, tana kuma cin kuɗin ajiya da inshora, don haka wanda ya ɗauki ninkin da fam ɗin Edward ya yi tsakanin 2014 da 2020 a matsayin abin da kowace tsabar gwaji ke yi, ya yi lissafi da mafi kyawun misali ya bar sauran.

A kusa da mu akwai abubuwa biyu da ke yawan ruɗar mutane. Na farko sulallan sefa da na sauran ƙasashen da Faransa ta mulka, waɗanda wasunsu ke ɗauke da ƙaramin rubutun ESSAI, alamar da gidan buga kuɗi na Paris ke sa wa bugun gwaji. Suna da kyau kuma sun cancanci ajiya, sai dai a ƙarni na 20 an riƙa buga su da ɗan yawa don sayar wa masu tarawa, saboda haka yawancinsu farashinsu mai sauƙi ne. Na biyu tsohuwar dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa ta hanyar Sahara tun kafin zuwan Turawa, mata suka yi ado da ita, maƙera suka narkar suka yi mundaye da zobba. Kusan kowace da za ka gani tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekarar a Biyana, babban birnin Ostiriya, da Landan da Paris da Rum da Bombay, har adadinta ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma ana buga ta har yau. Darajar irin wadda aka saba gani ba ta wuce ta azurfarta da ɗan ƙari ba.

Na taɓa zama a rumfar wani dattijo maƙerin azurfa a cikin birni, wani saurayi ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwance ƙullin leda ya fito da kwabo biyu masu huji da ya goge har suna ɗaukar ido. Ya ce, “Baba, don Allah a duba mini, wani ya ce yana da mai saye a waje, amma sai na fara biyan kuɗin rajista.” Dattijon ya juya su a tafin hannunsa, ya jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin benci ya buɗe masa, ga irinsu nan cike. Ya ce, “Ɗana, riƙe kuɗinka, ka kuma riƙe kwabonka, na kakanka ne.” Damfarar kusan kullum haka take tafiya, a kuɗin rajista ko na gwaji ko na aikawa ake cin mutum, mai sayen kuwa ba ya taɓa bayyana. Kamfanin gwanjo na gaskiya daga cinikin yake cire la'adarsa. Kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba, abin da mai tunanin aika tsohon abu waje ya kamata ya fara bincika.

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne yadda zancen miliyoyi ya rufe mana ido daga tarihin da ke hannunmu. Aninin farko da aka kawo a 1907, don ya maye gurbin wuri a ƙananan cinikayya, da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin sulallan alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure yanayinmu ba, ya riƙa cinyewa yana yin fari-fari, tun a 1908 aka koma gaurayen tagulla da nikel. Wato gwajin da Amurka ta yi ta janye a 1974 kafin ya isa hannun jama'a, mu a kasuwanninmu aka yi shi, a hannun masu sayar da goro da daddawa. Daga nan aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗinsa a 1959 da hotunan gyaɗa da koko da auduga da kwakwar manja, naira da kwabo suka zo a watan Janairu 1973, aka sake fitar da sulalla a 1991 da 2007 waɗanda hauhawar farashi ta kore su daga kasuwa. Kowane mataki a cikin waɗannan an zaɓi zane an bar wani, an zaɓi ƙarfe an bar wani. Gidan tarihin masana'antar buga kuɗi ta Ingila da ke Llantrisant a yankin Wales yana ajiye da hatimai da gwaje-gwajen kuɗin da ta buga wa ƙasashen waje, Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, takardun Lardin Zariya na zamanin mulkin mallaka kuma suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ɗalibin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da zai haɗa waɗannan wurare uku zai fito da aikin da muke bukata ƙwarai.

Ga mai son ya duba abin da ke gidansa da ilimi, akwai tsaba guda da take da ƙaranci na gaske kuma tana iya ɓullowa a nan, ko da yake ta kuskure ce ba ta gwaji ba. A 1936 masana'antar Heaton ta Birmingham tana buga wa Yammacin Afirka kwabo, tana kuma buga wa Gabashin Afirka santi goma, dukansu masu huji kuma girmansu kusan ɗaya, sai aka haɗa hatimin fuskar na Gabas da hatimin bayan na Yamma. Wanda ya fito daga wannan kuskure yana da tauraro mai kusurwa shida a baya kamar kowane kwabo, amma a fuskarsa babu rubutun Larabci, kuma maimakon kwabo ɗaya an rubuta santi goma da Turanci a ƙarƙashin sunan Edward na 8. Wanda ya same shi kada ya wanke, ya riƙe shi ta gefe, ya naɗe shi a takarda mai tsabta, ya ɗauki hoton fuska da baya a hasken rana ya gwada da na kundin sulallan duniya. Idan ya tabbata shi ne kuma yana da lafiya, farashinsa a gwanjo ɗaruruwan daloli ne.